Kada Ka Yi Wa Kumburin Kafaɗar Doki Sakiya

Maigida, wannan takarda taka ce, kai mai doki ko goɗiya ko jaki a turke. In ka karanta, ka tara iyalinka ka karanta musu, tun ba yaron da ke yi wa doki ciyawa da uwargida mai kula da madara ba, gama maganar ta shafe su. In kana da maƙwabcin da bai iya karatu ba, ka kira shi shi ma ya ji.

Maganar a kan wani kumburi ce da kan fito wa doki a tudun kafaɗa, watau wurin nan mai tsini inda geza ta ƙare baya ya soma, daidai inda kwacciyar sirdi ta gaba ke zama. Da wuya a sami tsohon mahayi wanda bai taɓa ganinsa ba. Mutane su kan ce cin sirdi ne kawai. Sai a gasa ƙarfe a yi masa sakiya, a matse ruwan da hannu, a cusa toka ko baƙin mai, bayan kwana biyu a mai da sirdi a hau. Mu a ganinmu wannan kuskure ne babba, kuma ba doki kaɗai ya ke cuta ba. Wani lokaci ruwan da ke cikin kumburin nan yana ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa shanu ɓari, ita ce kuma ke sa wa mutum zazzaɓin da kan yi watanni bai sake shi ba. Saboda haka shawararmu guda ce: in ka ga wannan kumburi, ka sauke sirdi, kada ka huda, ka kira malamin dabbobi, sa'an nan ka duba shanunka da mutanen gidanka. Ga dalilanmu, ka auna su da kanka.

Abin da ke ƙarƙashin fata

Ka ɗora hannunka a tudun kafaɗar dokinka ka shafa. Abin nan mai tauri da ka ji, kawunan ƙasusuwan baya ne. A wannan wuri sun fi tsawo, suna tsaye a jere kamar turaku. Akwai wata babbar jijiya da ta taso daga ƙeya, ta bi wuya, ta haye bisa kawunan ƙasusuwan nan. Ita ce ke taimakon doki ɗaukar nauyin kansa da wuyansa. Tsakanin jijiyar da ƙashi akwai wata 'yar jaka mai ɗan ruwa mai yauƙi a ciki. Aikinta kamar na gammo ne, don kada jijiya ta riƙa gogar ƙashi sa'ad da doki ya sunkuya ko ya ɗaga kai. Akwai irin wannan jaka a ƙeya kuma, bayan kunnuwa, ita ma ta kan kamu da irin wannan ciwo.

To, in jakar nan ta ƙuje ko ƙwayar cuta ta shige ta, sai ta cika da ruwa ta kumbura. Da fari za ka ga tudu a gefe ɗaya ko gefe biyu, mai laushi, wani lokaci da zafi. Doki ya kan ƙi a taɓa wurin, ya kan riƙe wuya a sandare, ya kan sha wuyar sunkuyawa ya ci abin da ke ƙasa. Ruwan ciki a lokacin nan fatsi-fatsi ne mai yauƙi. In an bar shi, ko an huda shi da ƙarfe mai dauɗa, sai ya zama mugunya. Daga nan sai ya fashe, ya yi baki ɗaya ko biyu ko fiye, mugunya ta yi ta tsiyaya tana bin kafaɗa tana cinye gashi.

Ga abin da ya sa wannan ya fi sauran miki wuyar warkewa. Miki na ciki ko na ƙafa, bakinsa yana duban ƙasa, mugunya ta fita ta bar shi. Wannan kuwa bakinsa a sama ya ke, kamar rijiya. Mugunya ba ta hawa tudu, sai ta yi ta nutsewa tana haƙa ramuka tsakanin kafaɗu. Ko wane taku da doki ya yi, allon kafaɗa yana motsi yana ƙara tura ta ciki. A hankali jijiyar ta ruɓe, ƙashi ma ya kamu. Bakin ya kan rufe ka ce an warke, bayan wata guda ya sake ɓullowa a wani wuri. Dokin da ya kai nan ya kan yi watanni yana jinya, wani ma ba ya sake hawuwa har abada.

Abin da ke kawo shi

Sababi na fari shi ne wanda ka sani: sirdin da bai dace da bayan doki ba, ko akumarin da ya tsufa ya kwanta, ko kaya mai nauyi da ya rinjayi gaba. Dokin da ya rame da bazara tudun kafaɗarsa ya kan fito fili, sirdin da ya zauna masa daidai da kaka sai ya koma yana zama bisa ƙashi. Duka da sanda a wurin, ko cizon wani ingarma, ko birgima a kan dutse, duk su kan jawo shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In fata ta ƙuje, ƙwayoyin cuta na ƙasa da na kashin dabbobi sun sami ƙofa.

Sababi na biyu shi ne wanda mutane da yawa ba su sani ba. Akwai wata ƙwayar cuta, ƙanƙanuwa ainun, ido ba ya ganinta sai da madubin likita, ana kiranta burusela. Gidanta na asali jikin shanu da awaki da tumaki ne. Ita ce ke sa saniya ta zubar da ciki ya yi nisa, yawanci daga wata na 5 zuwa na 8, mahaifa kuma ta maƙale ta ƙi faɗowa. Ta kan sa wa wasu shanu kumburin gwiwa mai ruwa. Fulani sun san ciwon tun da daɗewa, suna ce masa bakkale. Sa'ad da saniya mai ciwon ta yi ɓari ko ta haihu, ƙwayoyin nan su kan fito da yawan gaske cikin ɗan tayi da mahaifa da ruwan haihuwa, su ɓata ciyawa da ruwan sha. Rana mai zafi ta kan kashe su, amma a wuri mai laima da inuwa su kan yi makonni, har watanni, da ransu. In doki ya yi kiwo a nan, ko ya sha a kwami ɗaya da shanun, sai ya haɗiye su. Su bi jini su je su zauna a jakar nan ta tudun kafaɗa ko ta ƙeya. Irin wannan doki ya kan kumbura ko da sirdi bai taɓa cinsa ba.

Wannan ba zato ba ne, an daɗe da binciko shi. A shekarar 1887 wani likitan soja na Ingila, Dabid Burus, ya gano ƙwayar a jikin sojojin da wani zazzaɓi ya kashe a tsibirin Malta, cikin Bahar Rum. Daga sunansa aka samo sunanta. A 1897 wani likitan dabbobi na ƙasar Danmak, Bang, ya gano ƙwayar da ke sa shanu ɓari. A 1905 wani likita ɗan Malta, Zamit, ya gano cewa awakin tsibirin ne ke ɗauke da ciwon, mutane kuwa suna sha cikin ɗanyar madara. Da aka hana sojoji shan madarar awakin, sai zazzaɓin ya ragu ƙwarai a cikinsu. A 1918 wata masaniya a Amurka, Alis Ebans, ta nuna cewa ƙwayar Burus da ta Bang 'yan gida ɗaya ne. Bayan haka likitocin dabbobi suka lura da cewa dawaki masu gyambon tudun kafaɗa da yawa suna da alamar ƙwayar a jininsu, tun ba waɗanda ke kiwo tare da shanu ba. A nan ƙasarmu ma masu bincike sun sami alamarta a jinin dawaki da jakuna.

Ba mu ce ko wane kumburi na tudun kafaɗa burusela ce ta kawo shi ba. Da yawa cin sirdi ne da wasu ƙwayoyi dabam. Amma ido ba ya rarrabe su. Sarkin dawaki ma, da duk saninsa, ba zai duba ya ce wannan na sirdi ne wannan na shanu ne ba. Sai an ɗebi jinin doki, ko ruwan kumburin, an auna. Tun da haka ne, hankali shi ne ka ɗauki ko wanne a kan mai haɗari har ran da awo ya wanke shi.

Yadda ciwon ke kama mutum

Ƙwayar tana shiga jikin mutum ta kaushi ko yanka ko tsagewar fata a hannu, ta ido in ruwan ya fantsama, ta baki in an ci abinci ba a wanke hannu ba. Wa ke da hannu mai tsagewa kamar manomi da hunturu? Hanya mafi girma kuwa ita ce shan madarar da ba a tafasa ba, da taɓa ɗan tayi ko mahaifar dabba da hannu tsirara. Mahauta da makiyaya da masu jinyar dabbobi su ne suka fi kamuwa.

Ciwon ba ya nuna kansa nan da nan. Ya kan yi mako 2 zuwa 4, wani lokaci har wata 2, kafin ya bayyana, lokacin nan kuwa an manta da ranar da aka matse kumburin doki. Sai zazzaɓi ya zo da yamma, mutum ya kwana yana zufa har tufafi su jiƙe, da safe ya ji dama-dama. Ya yi kwanaki ya lafa, sa'an nan ya dawo. Ga ciwon baya, ga ciwon gaɓoɓi, ga kasala da rashin cin abinci da rama. Namiji ya kan sami kumburin maraina. Mace mai ciki tana iya yin ɓari. Ba safai ya ke kisa ba, amma ya kan kwantar da ƙato damina guda cur.

A ce ga maigida ya matse kumburin dokinsa da bazara, ɗansa yana riƙe da ragama. Ruwan sama ya sauka, an yi shuka, sai zazzaɓi ya kama maigida. Ya sha maganin zazzaɓin cizon sauro, bai ji sauƙi ba. Aka ce taifot ne, ya sha na taifot, ya lafa ya dawo. Noman fari ya wuce, maimai ya wuce, yana kwance, ciyawa ta cinye gero. Kuɗin da ya ƙi kashewa a kan doki ya kashe ninkinsu a kantin magani, ga rumbu ba hatsi. Wannan shi ne abin da mu ke gudar maka.

Ciwon yana da magani a asibiti. A kan haɗa magani iri biyu, a sha har mako 6 ba fashi. Wanda ya ji sauƙi ya bari a tsakiya, ciwon ya kan dawo masa. Kada ka sayi ƙwayoyi a kasuwa ka sha da ka, gama ɗaya daga cikin magungunan nan shi ne kuma na tarin fuka, shansa barkatai yana lalata amfaninsa ga kowa. Masu ciki da ƙananan yara kuwa nasu maganin dabam ne, likita ne zai zaɓa. Har yanzu babu allurar rigakafin wannan ciwo ta mutane, saboda haka tsare kai shi ne rigakafin.

Amsa ga masu musu

Mun san akwai masu cewa, ai kakanninmu da sakiya da lalas suka yi jinyar dawakinsu, kuma sun hau sun je yaƙi. Gaskiya ne sun san doki, har sun fi mu. Ƙurjin da ke kusa da fata, in an huda shi, ya kan warke, shi ya sa aka yarda da sakiya. Amma ka tambayi tsofaffin barga dawaki nawa suka gani da ramin kafaɗa wanda ya ƙi rufewa har dokin ya lalace. Ƙarfe mai zafi yana ƙone nama mai rai, ya bar mataccen nama a ciki, mataccen nama kuwa abincin ƙwayoyin cuta ne. Jakar da ke rufe, mai yiwuwa a shawo kanta da hutu da magani, sai ka buɗe mata ƙofa ƙuda ya shiga ya yi tsutsa. Toka da kashin shanu da ƙasa su kan kawo ciwon nan mai sandarar da jiki ya sarƙe haƙora, doki kuwa yana cikin dabbobin da ya fi saurin kashewa. Baƙin mai da ruwan batir guba ne, cin nama su ke yi. Kakanninmu ba su da awon jini. Da suna da shi, da sun yi aiki da shi.

Akwai mai cewa, salla ta matso, hakimi zai hau, ina zan sami wani doki? Sai ya ninka jalala a kan kumburin ya ɗaure majayi tam, ya hau. Malam, hawan yini guda a kan kumburi ya kan mai da jinyar mako biyu ta zama ta shekara. Ka ari doki, ko ka bi ayari da ƙafa bana, baɗi ka hau naka. Haka kuma mai jaki da ke cewa in bai yi lodi ba yau ba za a ci ba. Mun san wannan ba ƙarya ba ne, talauci ba wasa ba ne. Amma jakin da ya huta kwana goma ya koma aiki ya fi wanda aka yi ta ɗora wa mangala har ya mutu a hanyar kasuwa.

Akwai mai cewa malamin dabbobi yana da nisa, ga kuɗin magani. I, akwai nisa a wurare da yawa, ba mu musa ba. Amma yanzu da wuya a rasa wayar hannu a ƙauye. Ka nemi lambar ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarku ta hannun mai unguwa ko dagaci, tun ciwo bai zo ba. In ku biyar ko goma kuka haɗu, masu dawaki da masu shanu, kuka kira shi rana ɗaya, kuɗin mai ya yi muku sauƙi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Kumburin da bai fashe ba jinyarsa ta fi arha nesa. Wanda ya yi rami sai an yi wa doki allurar barci an yanke jakar da ruɓaɓɓen nama duka, wani lokaci har da kan ƙashi, wannan kuwa aikin babban asibitin dabbobi ne, irin na jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri.

Akwai kuma mai dabara, wanda zai wanke mikin, ya rufe shi da jalala mai kyau, ya kai dokin kasuwa ya sayar. Wannan ha'inci ne, kowa ya sani. Ka ɗauki ciwo daga gidanka ka kai gidan wani mai 'ya'ya kamar naka. In kuwa kai ne mai saye, kada ka biya sai an sauke sirdi da jalala ka shafa tudun kafaɗa da ƙeya. In ka ga tabo mai lotsawa, ko ɗan rami mai danshi, ko gashi ya manne da busasshiyar mugunya, ka bar shi kome kyaunsa.

Abin da za ka yi in ka ga kumburin

1. Ka sauke sirdi ko akumari nan take. Kada a hau, kada a yi lodi, har sai malamin dabbobi ya ce an warke.

2. Ka ɗaure dabbar a turke dabam, a inuwa, nesa da shanu da awaki, nesa da rijiya da madafa. Ka ware mata abin shan ruwanta. Ka ɗaga mata harawa da dusa sama kaɗan, don sunkuyawa na yi mata ciwo.

3. In bai fashe ba, kada ka huda, kada ka matsa, kada ka yi lalas. Kana iya zuba masa ruwan sanyi mai tsabta safe da yamma kafin malam ya iso.

4. In ya riga ya fashe, babban mutum ɗaya ne zai riƙa kula da shi. Ya sa safar hannu ta roba, in babu ya sa hannunsa cikin leda biyu marasa huda ya ɗaure. Ya wanke bakin mikin da tafasasshen ruwa da ya huce, da ɗan gishiri, ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita. Ya kau da fuskarsa kada ruwan ya fantsama masa a ido. Ya rufe wurin da tsumma mai tsabta saboda ƙuda.

5. Tsumma da leda da shimfiɗar da mugunya ta zuba a kai, a ƙone su ko a binne su da zurfi. Sa'an nan a wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu.

6. Yara da mata masu ciki kada su kusanci dabbar. Yaron da ya saba yi mata ciyawa ya ajiye daga nesa.

7. Ka gaya wa malamin dabbobi gaskiya duka: yaushe kumburin ya fara, ina dokin ke kiwo, ko akwai saniya ko akuya da ta yi ɓari a gidan ko a maƙwabta. Ka roƙe shi ya ɗebi jini a auna.

8. In awo ya nuna burusela ce, ka sani jinyarta a jikin doki tana da wuya, kuma ta kan dawo. Ka bi shawarar likita ko da ta yi maka ɗaci. Ka sa a auna shanun da dokin ya yi kiwo da su, gama yawanci daga wurinsu ya samo.

9. Duk wanda ya yi zazzaɓi a gidan ya ƙi jin magani, a kai shi asibiti, a gaya wa likita cewa akwai doki mai wannan ciwo ko saniya mai ɓari a gida. In ba ka faɗa ba, likita zai yi ta neman zazzaɓin sauro da taifot, don kamanninsu ɗaya ne.

Rigakafi ya fi magani

Ka fara da sirdi. In ka ɗaura shi mahayi ya zauna, lalle yatsu 2 ko 3 su iya shiga tsakanin kwacciyar gaba da tudun kafaɗa. In ba su shiga, sirdin yana zaune a kan ƙashi, ka kai wa baduku ya gyara huhunsa, ko ka sake wani. Sirdin wani doki ba lalle ya dace da naka ba. Jalalar da ta sha zufa ta bushe ta yi tauri kamar ƙirgi, a wanke ta a shanya. Kafin ka ɗaura, ka goge bayan doki, gama ƙwayar yashi ɗaya ko ƙarangiya ta isa ta ƙuje shi. Bayan ka sauka ka shafa bayan da hannu. In ka ji wuri mai zafi, ko doki ya noƙe, ko ka ga fararen gashi sun fara fitowa a wuri ɗaya, sirdi na cinsa ke nan. Mai jaki ya riƙa sabunta cushen akumari, ya bar rami a tsakiya daidai ƙashin baya, ya daidaita kaya dama da hagu. Da bazara ka ƙara wa dabbarka abinci, don ƙiba ita ce gammon farko.

Sa'an nan garke. In saniya ko akuya ko tunkiya ta yi ɓari, kada a taɓa ɗan tayin da mahaifar da hannu tsirara, kada a jefa wa kare, kada a yar a bayan gida ko a rafi. A haƙa rami mai zurfi a binne. A ware uwar daga sauran dabbobi har ƙazantar da ke fita daga jikinta ta ɗauke. Kada a ɗaure doki a wurin. Ka sani saniya mai wannan ciwo yawanci sau ɗaya ta ke ɓari, daga baya ta riƙa haihuwa lafiya, amma ƙwayar tana nan a jikinta, tana fita cikin madara da ruwan haihuwa. Magani ba ya raba ta da ita. Saboda haka kada ka sayi saniya mai arha ba ka tambayi dalilin sayar da ita ba. Akwai allurar rigakafi da a ke yi wa 'yan maruƙa mata tun suna 'yan watanni. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin irinta. Ka tambayi malamin dabbobi. Shi kaɗai zai yi allurar, don ƙwayar da ke cikinta mai rai ce, in ta soki mutum tana sa masa ciwo.

Kada wannan magana ta zama abin zargi tsakanin manomi da makiyayi. Shanun ƙauye da na ruga duk suna kamuwa, mai shanu kuwa shi ne ya fi kowa hasara, ga maruƙa sun zube, ga madara ta ragu. Ku haɗa kai ku kira malamin dabbobi tare.

Ke kuma uwargida, naki aikin shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne mafi girma. Ko wace madara, ta saniya ko ta akuya ko ta raƙuma, ki tafasa ta har ta taso kafin kowa ya sha. In nono za ki yi, ki tafasa madarar tukuna, ki bari ta huce, sa'an nan ki zuba mata ɗan nonon da aka yi da dafaffiyar madara ta kwana. Kada ki dogara da tsami, gama tsami kaɗai ba ya tabbatar da mutuwar ƙwayar. Ki hana yara tatsar akuya suna sha a bakin garke. In kina da ciki, ki bar wa wani karɓar haihuwar dabbobi.

Maigida, doki ƙawar gida ne, jaki kuwa shi ne ƙafar talaka, ba wanda ke so ya ga nasa a ɗaure ba ya aiki. Amma in tudun kafaɗa ya kumbura, ka ɗauka dabbarka tana ba ka labari ne tun da wuri, watakila na sirdi, watakila na garke. Ka ajiye ƙarfen sakiya, ka ɗauki waya ka kira malamin dabbobi, yau kuma a tafasa madara a gidanka. Ka ajiye wannan takarda inda ruwa da gara ba za su ɓata ta ba, ka nuna wa duk mai doki da ya zo gaishe ka. Allah ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu.